Tikitin da Baba ya ba ƙanena

Ranar kasuwar Ƙanƙara da ta wuce na ratsa layin dukawa, sai ƙanshin sabuwar fata ya bugi hancina. Na tsaya cak da buhu a ka, har wani mai babur ya daka mini tsawa. Irin ƙanshin nan ne ya fito daga akwatin mahaifinmu ranar da ya dawo daga Amurka.

Kada ka ɗauka mu wasu manya ne. Baba malamin gona ne a Faskari, aka tura shi kwas kan noman masara, ya dawo ana tsakiyar girbi. Ni ne ɗan fari, don haka tun da aka yaye ni ina hannun kakata a Damari, sai da hutu muke zuwa gidan Baba ni da ita. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan yaron" yake cewa, idonsa na wani wuri. Kowa ya san kunyar ɗan fari ce. Ni ma na sani, amma sanin bai taɓa kwantar mini da hankali ba.

Cikin tsarabar akwai ƙwallon fata mai siffar gwanda, da ɗinki a gefe. Kakata ta juya ta, ta ce, "Kaya sun danne ta cikin jirgi. A kai ma baduku ya gyara." Baba ya yi dariya, ya ce haka ake yin ta, rungume ta ake yi a ruga. Ba mu yarda ba. Muka sa mata ƙafa, ta yi tsalle ta nufi inda ta ga dama, ta fasa tulun Goggo, ƙanwar Baba.

Sannan ya ciro wata 'yar takarda mai kauri, da hoton wani ƙato sanye da hular kwano. Tikitin shiga kallon wasan ne. A gaban kowa ya miƙa wa ƙanena. Ni alewa aka ba ni ta hannun Goggo, irin wadda aka raba wa 'ya'yan maƙwabta.

Duk bayan la'asar Baba kan shimfiɗa tabarma gindin rumbu, ya ɗora ƙanena a cinya, ya ba shi labarin ƙungiyar ƙwallon da ya kalla. Wai ma'aikatan wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi suka kafa ta tun zamanin kakanni. Ta yi shekaru ana lallasa ta, amma mutanen garin suka ƙi bari ta mutu. Tikitinsu kuwa ba a samunsa don an ga dama. Mutum kan sa jaririnsa a layi, yaron ya yi furfura layin bai zo kansa ba. Wurin zama gado ne, uba ke bar wa ɗansa. Shi ma Baba, wani manomi da ya sauke shi ne ya ara masa wurin da ya gada.

Ni ina bayan rumbu ina ɓare masara, ina ji. Uba ke bar wa ɗansa. Na riƙa bin kaina da bincike: ko ban durƙusa sosai ba wajen gaisuwa, ko ya ga na yi gaggawar alwala. Ƙanena kuma ba ya bari in taɓa tikitin sai na wanke hannu. Raina ya so akuya ta cinye shi, sai in tsorata da tunanin, in yi ta istigfari.

Ƙanena aka kai makaranta mai zurfi, ni na tsaya a firamare na koma gona. Ya sa tikitin cikin gilashi ya rataye a falonsa.

Bayan rasuwar Baba na kasa riƙewa, na faɗa wa Goggo abin da ya daɗe yana cina. Ta dube ni, ta ce, "Kai dai ba ka da lura tun kana yaro. Wa kake jin ake ba labarin? Wancan mai barci bisa cinya? In aka aike ka sayen gishiri, shiru ubanka ke yi, ya kama murɗa rediyo. Sai ya ji motsinka bayan rumbu ya ci gaba."

Na yi ta juya maganar, don ni ba na saurin yarda da abin daɗi. Na bi labarin daga farko har ƙarshe, ban sami giɓi ba duk da aikena da aka riƙa yi. Na gwada tambayar ƙanena, hular kwanon kawai ya tuna.

Yanzu zamani ya sauya. Samari na ɗora 'ya'yansu na fari a tankin babur, suna kiran sunansu a tsakiyar kasuwa. Ni bakina ya ƙi. Kuma ba zan ɓoye maka ba, in na shiga falon ƙanena na ga gilashin nan, har yau sai wani abu ya tsunkule ni.

Jiya da yamma ina ba autana labarin garin nan mai sanyi, ɗan farina yana gefe yana wanke babur. Uwarsu ta aike shi ɗebo ruwa. Sai na sunkuya na kama gyaran igiyar takalmina, wadda ba abin da ya same ta, har na ji ya dire bokiti.