Sumana da Ruwan Maɗaci

Mai koko ba ta gama hura wuta ba, Sumana ya riga ya fito da kekensa da 'yar jakarsa ta awon sukarin jini. Duk unguwarmu a nan Doso an san ƙarar keken nan. In ta tsaya a ƙofarka, haɗiye yawu, miƙo yatsa.

Da ba haka yake yi ba. Zaune yake a ɗakinsa na asibiti, sai wanda ya je. Mu kuwa mata muna da dabararmu. In ranar awo ta matso, a bar shayi, a bar dambu, a yi kwana uku ana kwankwaɗar ruwan maɗaci, wai ɗaci ke kashe zaƙi. A kai masa jini wankakke kamar kayan sallah, ya ce madalla, a dawo gida a ɗora butar shayi.

Matarsa Mintu ita ma haka take yi masa. Ba mugunta ba, ba ta son ganin fuskarsa a ɓace ne. Shi ko yana ta yabonta a gaban mutane: "Ku yi koyi da Mintu." Sai ƙaya ta soke ta a babban yatsa. Ƙaya fa! Gyambo ya ƙi warkewa. Aka kai ta Yamai, aka yanke ƙafar, ba ta dawo ba. A zaman makoki ya jiyo wata tana cewa, "Allah sarki, ga ta da ƙoƙarin shan maɗaci kafin awo." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Bayan arba'in ya sayi keke. Ya daina sa wa kowa rana.

Da idona na ga ya ritsa Gambi mai kwaɗon zogale, tana ɓoye ƙafa cikin zani.

"Inna, kawo hannu."

"Kai ɗan nan, sauro ma sai ya yi kuka kafin ya sha jini. Ka dawo jibi."

"Jibi kin yi wanki. Yau nake so, da dauɗarsa."

"Uwarka! Ni na goya ka, mara kunya!"

"Shi ya sa. Buɗe ƙafar nan."

Ta buɗe. Ya daɗe yana kallo. A bayan kekensa ya kai ta asibiti, tana zaginsa har ƙofa. Aka cire yatsa ɗaya, ƙafa ta tsira.

Sumana, kai ne aka rufe wa ƙofa, ka zagaya ta dangar baya. Kai ne aka daina ba shayi a gidan suna, don kana leƙa ƙasan kofi neman sukari. Sauro mai neman lada! Ka tsare ƙafafun matan mutane, ta ɗakinka ce ta wuce ka.

Yanzu ido ya gaza, ya ajiye aiki. Ranar sallamarsa Gambi ta tako da ƙafarta, ta kawo masa shayi ba sukari. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Da Mintu ce, da ta watsa miki shi."

Ya yi dariya. Ba wanda ya taya shi.

Mun gode, Sumana. Allah ya jiƙan Mintu, ya ba ka haƙurin da ka ba mu. Ku yaran da kuka gaje shi, kada ku zauna jira, ku hau keke. Ku kuma mata, ku kai jininku yadda Allah ya bar shi. Maɗaci bai taɓa mayar wa kowa ƙafa ba.