Gidan Ungozoma a Bayan Coci

Merv Stolberg ya shekara talatin da takwas yana tuƙa jirgin ƙasa na dakon rake. Mahaifiyarsa, Ottilie, ita ce ungozomar garin, kuma a gidanta na katako mai dogayen turaku ya tashi. Da ta rasu, Merv ya ce gara ta gama da gidan, shi na bulo zai gina. Wata malamar makaranta, Noelene Baccari, ta sayi tsohon gidan, aka raba shi biyu, aka ɗora a babbar mota, aka kai filinta a bayan coci. Merv har dariya ya yi mata.

Bayan shekara goma sha biyu, ƙungiyar tarihin garin ta kafa allon tagulla a ƙofar Noelene, ɗauke da sunan Ottilie da shekarun aikinta. Ranar buɗe allon an sha shayi a baranda. Merv ya tsaya bayan shinge, yana jin Noelene tana cewa "Ottilie tamu", tana nuna wa baƙi ɗakin haihuwa. Ya koma gida zuciyarsa na tafasa.

"Wai Ottilie tasu," ya ce wa matarsa, Glenys. "Ɗakin ma ba shi ba ne. Inda nake kwana take nuna musu."

"To, wa ya sayar?" in ji Glenys. "Ba kai ka ce bai fi itacen girki ba?"

Washegari ya sami shugaban ƙungiyar, ya ce a mayar da allon filinsa, tunda a can aka yi haihuwar.

"Merv, gida muke sa wa allo, ba ƙasa ba," in ji shugaban. "Naka ya kai shekara ɗari, ka dawo."

Wata uku bai bi ta layin cocin ba. Daga baya ya fara zuwa duk Asabar, ranar baƙi, ya jingina da shinge yana gyara wa Noelene zance da ƙarfi. A Asabar ta huɗu Noelene ta leƙo.

"Haba Merv, muryarka za ta dishe. Hau ka gaya musu da bakinka."

Ya hau. Ya nuna musu ainihin ɗakin, da ƙusar da Ottilie take rataye jakarta, da tagar da ake miƙa wa magidanta albishir. Shekara shida yana wannan aiki, amma ko kurɓin shayinta bai taɓa yi ba. In baƙo ya yaba gidan, sai ya ce, "Ai ba ka gan shi a mazauninsa na asali ba."

Da gwiwoyinsa suka kasa hawa matakala, Noelene ta ajiye masa kujera a inuwar ƙarƙashin gidan. Nan yake tare baƙi kafin su hau, don kada ta riga shi ba da labari.