Sahabi, wanda ya nemo mana muryar Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sahabi ya rasu. Da safiyar nan labarin ya same ni, ina ƙofar gida ina fama da babur ɗina da ya ƙi tashi. Ƙanen matarsa ne ya kira, ya ce, "Malam, Sahabi ya cika." Na ce wane Sahabi? Kamar ina da su da yawa.

An yi jana'iza kafin azahar. Yanzu na dawo, na zauna, na rasa wanda zan gaya wa, shi ya sa nake gaya muku.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Sahabi shi ne mai shagon kwamfuta ɗin nan na Runjin Sambo, wanda ke yi wa makarantu da 'yan kasuwa shafin intanet. Ɗan mahauta ne gaba da baya. Na koyar da shi tarihi a sakandare, na kuma kayar da shi a jarrabawa sau biyu. Bai taɓa bari na manta ba. Duk lokacin da wayata ta rikice na kai masa, sai ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, yau wa ya faɗi?"

Shekara goma sha wani abu na ba shi, amma a 'yan shekarun nan ba ni da abokin hira kamarsa. Yana da wani benci a shago, ƙafarsa guda bulo ce. Nan nake zama bayan la'asar. Yakan aika a sayo mini tsire wajen yayansa, ya ce a cire kitse saboda "Malam ya fara karatun takardun likita". Bai taɓa karanta littafin da na ara masa ba, amma bai taɓa ɓatar da ko guda ba. Akwai masu digiri da ba zan iya yi wa wannan shaida ba.

Abin da nake so in ba ku labari shi ne aikin da ya yi mana na ƙarshe, da kuma wautar da na tabka a ciki.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a Ƙofar Rini ya zauna, amma asalin gidanmu Ƙonni ne, tsallaken iyaka, a Nijar. Kowace shekara yakan koma can ya yi wata guda yana ba da karatu a zauren gidan mahaifiyarsa, kakarmu da muke kira Inna. Ɗalibai suna ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa, wani ɗan'uwanmu a Yamai mai suna Isuhu ya bi gida gida ya aro kaset ɗin nan, sun fi saba'in, ya juye su a kwamfuta, ya mayar wa masu su.

Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hajo, tana Tawa. Ta tsufa, ido ya yi rauni, ƙafa ta daina kai ta ko tsakar gida. Ita ba karatun take nema ba, ta ce ta sha shi tun tana yarinya. Abin da take so guda ne. A cikin kaset ɗin nan akwai wanda aka ji Inna ta ɗaga murya daga bayan katanga tana kiran ɗanta, ana tsakiyar karatu. Ba mu da hoton Inna ko ɗaya. Wannan 'yar maganar ita kaɗai ta rage mana daga gare ta a duniya, kuma Gwaggo ta ce tana so ta ji muryar uwarta kafin ta bi ta.

Sahabi ya buɗe mana shafi na dangi. Isuhu ya ɗora fayil ɗin duka a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da kayan shafi tana miƙa wa duk wanda ya nema. Isuhu ɗan bokon Nijar ne, don haka da Faransanci ya raɗa wa kowane fayil suna, dogaye, cike da haruffan nan masu ƙaho a ka, wani ya karkata hagu, wani dama, wani da hula kamar ɗan doka.

Aka raba linki a zauren dangi na waya. Kowa ya danna. Sai 404, wai ba a sami fayil ba.

Ga fayil muna ganinsa a jere, ga saba tana rantsuwa ba ta san shi ba.

Na je shago na same shi. Ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Malam, wanga harafi mai ƙaho, hanya biyu aka aje shi. Wata kwamfuta tsoka guda taka aje shi. Wata ko harafi daban, ƙaho daban, sannan ta ɗora. Ido ba shi rabewa, amma saba tana rabewa. Awa ka ce a ba ka cinya, mahauci ya duba ya ga shi nama da ƙashi gare shi daban daban, ya ce babu."

Na ce to a cire ƙahonin mana, wa ya aike su?

Ya ce, "A'a. Ba a canza wa kayan mutum suna don kai ba ka iya kira. Saba za a koya ma karatu. Ba ni kwana biyu, ina da aikin wata makaranta."

Kwana biyu. Ni da na share shekara ashirin da biyar ina cika rajistar aji, kuma ina da lambar sirrin shiga saba, wadda shi da kansa ya ba ni don girmamawa. Ranar Asabar da hantsi na zauna da shayina, na bi fayil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya na goge sunayen Faransanci. Karatu 1, Karatu 2, Karatu 3, har ƙarshe, yadda suka zo mini a allo. Tsaf, kamar yara a layin asambili. Na danna, suka buɗe. Har na rubuta a zauren dangi cewa ba kullum ake bukatar injiniya ba.

Ba a yi awa guda ba Isuhu ya kira. Ban taɓa jin mutum ya yi salati da Faransanci a tsakiya ba sai ranar.

Ashe sunayen nan su ne kundin. A cikin kowane suna ya rubuta littafin da ake karantawa, da babin, da gidan da ya aro kaset ɗin. Kuma guda daga ciki ya rubuta masa "voix de grand-mère", wato muryar kaka. Ni da nake taƙama na karanta tarihin dauloli, na goge muryar kakata daga kan suna saboda ban iya kalma huɗu na Faransanci ba. Kwamfutar Isuhu kuwa ta riga ta mutu tun bayan da ya gama ɗorawa, kaset sun koma hannun masu su, wasu ma sun rasu. Shi kansa bai tuna ko wane ne ba.

Muryar tana nan, amma a cikin karatun sama da awa ɗari, kuma ba ta kai minti guda ba. Gwaggo da wayar jikanta take saurare, a inda intanet ke zuwa kamar baƙo mai kunya. Ba za ta iya bin su duka ba.

Na koma shago ina jan ƙafa. Na shirya jin "yau wa ya faɗi". Wallahi na cancanta. Bai faɗa ba. Ya dai kalle ni, ya tura mini benci, ya ce, "Zamna, Malam. Ba a yi asara ba tunda naman na nan."

Ya nuna mini cewa saba tana da wani littafi nata da take rubuta duk abin da ya shigo, da sunansa da nauyinsa. Ya ce, "Mu rundawa, ɗiyan mahauta, ko an canza ma sa suna, sikeli ya san shi." Da nauyin kowane fayil ya riƙa gano tsohon sunansa yana mayar masa, da ƙahoninsa da hulunansa, ya kuma gyara saba yadda ko ta wace hanya aka rubuta harafin za ta gane. Fiye da rabi suka dawo haka.

Sauran kuwa, littafin sabar ya riga ya share shafinsu. Kuma na Inna yana cikin sauran.

Babu dabarar da ta rage sai saurare.

Aikina ne, ni na ɓata. Na ɗauki guda biyu na kai gida. Na kunna na farko, Baba ya yi gyaran murya irin tasa kafin bismilla, sai na kashe. Na yi kwana uku ina cewa gobe. Daga baya na ce wa Sahabi takardun jarrabawa sun yi mini yawa. Ya san ƙarya nake, don lokacin hutu ne. Ya ce, "Bar shi, Malam, ni kunnena ba shi da aiki."

Haka ya riƙa yi wata da watanni. Ka shiga shago ka same shi da abin saurare a kunne ɗaya, yana buga wa wani takardar neman aiki da hannu, Baba yana yi masa bayanin gado a kunne. Idan ya gane littafin sai ya kira Isuhu, su haɗa sunan tare, Isuhu yana faɗa masa inda ƙaho yake. Mutumin da ya kasa riƙe mini sunayen sarakuna bakwai, sai ga shi yana gyara mini magana a kan sujadar rafkanuwa. Na ce a ina ka samo? Ya ce, "Wurin tsohonka. Shi ya iya koyarwa."

Na haɗiye, don gaskiya ce.

Da ciwon ƙoda ya tsananta, ya daina fitowa shago. Ranar Alhamis da ta wuce na je gida duba shi. Yana kishingiɗe a tabarma a inuwar zaure, ƙafafu sun kumbura, kwamfuta a kan matashi. Na ce Sahabi, don Allah ka ajiye aikin nan, Gwaggo za ta fahimta.

Ya ce, "Gwaggo ta hi ni gaggawa, Malam. Saura goma sha ɗaya."

Na ce to ba ni rabi.

Ya yi murmushi ya ce, "Kai da ba ka wuce gyaran murya?"

Ban san ya sani ba. Ban taɓa gaya masa ba.

Can ya ce, "Ka san mi? Ni ban san tsohona da magana mai tsawo ba, daga kawo wuƙa sai riƙe ƙafa. Wanga naku, in ya ce 'kun gane ko', sai in ji har da ni yaka tambaya." Da zan tafi ya ce in gaida gida, in kuma daina taɓa abin da ban iya karantawa ba. Na ce ka warke ka zo ka hana ni. Iyakar maganarmu ke nan.

Ɗazu, muna dawowa daga maƙabarta, ƙura ba ta bar takalmina ba, sai ga kira daga Nijar. Jikan Gwaggo ne, ya ce ga ta. Na ɗauka labarin rasuwar ne ya kai musu.

Sai na ji tana dariya tana kuka a haɗe. Ta ce, "Ɗan nan, na ji ta! Na ji Inna!"

Ashe shekaranjiya Sahabi ya gano fayil ɗin da muryar take ciki. Ya mayar masa da sunansa na Faransanci yadda Isuhu ya sa tun farko, ya tura wa Isuhu linki da minti da daƙiƙar da za a je, Isuhu ya tura Tawa. Intanet bai ba su dama ba sai jiya da yamma. Aka danna, ya buɗe.

Na ce Gwaggo, me ta ce?

Ta ce, "Cewa ta yi, 'Kai mai littahi, ka sallami ɗiyan mutane, hura na tsami!' Ɗalibbai sunka kwashe da dariya, shi ko Yaya yac ce, 'To, an ɗaga karatu daga sama.'" Ta ce sau tara aka maimaita mata, har jikan ya ce caji ya ƙare.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, ɗan fari ne. Na san haka a labari. Ban san me take kiransa ba sai yau.

Sannan Gwaggo ta ce, "Ba ni mutumen da ya yi aikin ga, in yi mai godiya da bakina."

Ina tsaye a bakin titi, masu adaidaita suna yi mini oda. Na ce Gwaggo, yanzu muka rufe shi.

Sai ta ce, "Mi ne sunanai, da sunan uwatai?" Na faɗa mata. Ta maimaita sau biyu don kada ta manta. Ta ce, "To, ya shiga cikin nawa. In na roƙa ma Inna da Yaya, shi na na ukku."

Ni har yanzu ban danna ba. Linkin yana nan a wayata. Zan saurara, amma ba yau ba.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, da mahaifiya tsohuwa. Ban taɓa ce masa ya yafe mini wahalar da na jawo masa ba, kullum ina jiran ranar da za a gama in faɗa cikin raha.

Ya Allah, ga Sahabi nan ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Karatun da ya saurara saboda wata tsohuwa da bai taɓa gani ba, ka sa ya same shi a mizani. Ka raya abin da ya bari, ka ba mahaifiyarsa da iyalinsa haƙuri.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ina roƙonku kada ku wuce haka. Ku yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce, ku ambaci sunansa. Sahabi.