Haradhan Mai Fenti Bai Rubuta Shekarar Mutuwa Ba

Shekara arba'in da ɗaya Haradhan Sutradhar ya yi yana zana allunan talla na wata tsohuwar silima a arewacin Kolkata. Ɗan siriri ne, faratansa ba su taɓa rabuwa da fenti ba, kuma in dai taurin kai ne, matarsa ma ta daɗe da sallamawa. Ubansa na cikin sojojin da suka bi Netaji, jagoran masu neman 'yancin ƙasarsu, har Burma don korar Turawa. Ya dawo da shanyayyiyar ƙafa, ya ƙare rayuwa yana facin keke, kuma duk wanda ya ce masa jagoransu ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1945 sai ya kore shi daga rumfarsa.

Ana nan sai aka kawo sabon fim a kan wannan haɗarin. Mai silimar, Bimal Saha, wanda ya gaji wurin daga mahaifinsa, ya ba Haradhan aikin babban allo: fuskar Netaji, a ƙasa shekarar haihuwa da ta mutuwa. Kwana tara tsohon ya yi a kan tsanin gora, damina na tsula ruwa. Fuskar ta fito kamar za ta yi magana. A ƙasa ya rubuta 1897, ya ja ɗan layi, ya sauko ya wanke burushinsa.

Bimal ya ɗaga kai ya duba. "Kawu, fenti ne ya ƙare?"

"Akwai gwangwani uku."

"To ina 1945?"

"Kai ka je ka gani da idonka?"

"Haba Kawu! Ko da bai mutu a jirgin ba, ai yanzu ya haura shekara ɗari da ashirin. Jiransa kake ya zo ku sha shayi?"

"Na iya ƙirga tun kana cikin tsumman goyo," in ji Haradhan. "Ban ce yana raye ba. Na ce ba ni zan kashe shi ba."

Bimal ba mugu ba ne, amma masu fim sun ce haka suke so, kuma injin buga talla na nan bayan layi, cikin awa biyu ya gama, ba gardama. Ya gaya wa tsohon gaskiya: ko ya cike gurbin, ko wannan ne allonsa na ƙarshe. Haradhan ya san babu wata silima a birnin da za ta ɗauki mai zanen hannu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya kasa cin shinkafa da kifin da matarsa ta ajiye masa. Washegari ya je ya kwashe burushinsa a jakar buhu.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin, ya sa farar rigarsa ya bi layi ya sayi tikiti, shi da bai taɓa shiga ta ƙofar gaba ba. Ya zauna a sahun farko ya kalla tsaf. Da jirgin ya ɗaga daga ƙasa, sai ya miƙe ya nufi ƙofa.

Mai tsaron ƙofa ya ce, "Kawu, ai ba a gama ba, yanzu zai faɗo."

"Ku zauna ku kalla," in ji Haradhan. "Ni dai a sama na bar shi."