Muryar Inna Habi a Faifai na Bakwai

Mas'uda Kalilu 'yar Kurawa ce, kuma tun tana ƙarama an san ta da gaggawa. Ita ce mai fita da tuwo a hannu don kada a riga ta zuwa makaranta. Gaggawar ta kai ta Sakkwato karatun kwamfuta, ta kuma samar mata aiki a wata ƙungiya mai naɗar muryoyin tsofaffin manoman Gobir, suna bayanin iri da iyakokin gona. Muryoyin suna cikin wata babbar saba, wato kwamfutar ajiya, mai faifai goma sha biyu, an kulle su da makullin sirri, domin a cikinsu akwai sunayen mutane da yawan shanunsu, kuma zamanin ya lalace.

Ita ta kafa dokar cewa ba mai fitar da kwafi zuwa wayarsa. Ta bi dokar har a kan kanta, alhali a ciki akwai hirar minti talatin da ta yi da mahaifiyarta, Inna Habi. Inna ta rasu da damina, hanya ba ta biyuwa, Mas'uda ba ta samu jana'iza ba. Shekara biyu tana cewa sai ta natsu za ta saurari hirar. Kewa ce ke cinta, tsoro kuma ya hana ta buɗewa.

Wata Talata wuta ta ɗauke lokacin da sabar ke tsakiyar rubutu, batirin inbata ya mutu. Da aka kunna, ma'ajiyar ta ƙi buɗewa. Abokin aikinta Is'haƙa ya ce a ba injin umarnin gyara kansa a huta.

"A'a," in ji ta. "In ya gyara ba daidai ba, abin da ya rage ma zai taka."

Karon farko a rayuwarta, Mas'uda ta bi abu a hankali. Ta kwafe kowane faifai kafin ta taɓa shi. Abin da aka kulle da sirri ba ya nuna ɓarnarsa a fili, mai kyau da ruɓaɓɓe kamarsu ɗaya, sai an gwada lambobin tantancewa kashi-kashi, kamar mai tsince tsakuwa daga gero. Kwana goma sha ɗaya ta yi kafin ta gano ɓarnar tana faifai na bakwai. Ta ceto muryoyi dubu tara da ɗoriya. Shugabanni suka yi ta yabo, ita ko a jikinta.

Daga hirar Inna, wadda ke cikin faifai na bakwai ɗin, minti biyu na ƙarshe ne suka tsira. Ta rufe ƙofa, ta sa abin ji a kunne.

Muryar da ta fara fita tata ce, da kaifinta: "Inna, ki taƙaita mana, mota na jirana."

Sai dariyar Inna, da kukan akuya a bayanta. "Ke dai kullum sauri, ɗiyata. Wanga gero da munka gada labarinshi da tsawo. Tahi abinki. In kin komo za ni gaya maki sauran."

Mas'uda ta mayar da shi farko. Ta sake mayarwa. Is'haƙa ya ƙwanƙwasa ya ce direba na jira, za a rufe ofis.

"Ya tahi," ta ce. "Ban gama ji ba."