Shekarar da Kurkunu Ya Hana Gayya

Gwandu zuwa Birnin Kebbi

Damina ce, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Labari ya iske ni a Gwandu cewa kurkunu ya kwantar da Mamman, mijin yayata Hajo, a wani ƙauye kusa da Kalgo, ga gero ya isa noma. In ciyawa ta cinye gonar nan, rumbunsu ba zai ga ko zangarniya ba. Ina idar da sallar asuba na saɓa hauya na hau babbar mota. A Kambaza ta kafe cikin laka. Direba ya ce, "Ku sabko ku tura, ba doki kunka hau ba!" Sai magariba muka shiga Birnin Kebbi. Na kwana a zauren wani ɗan garinmu, ya ba ni tuwon dawa.

Kalgo

Da sassafe na kama hanya a ƙafa, ina ta lissafin kiran gayya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan Kalgo na fara duba gonakin bakin hanya. Kowace gona ciyawa ta shanye ta, babu ko mutum ɗaya a duƙe.

Na tarar da Mamman a tabarma, ƙafa ta kumbura, an naɗe kan tsutsar a tsinke. Abu kamar zaren ɗinki, amma ya kama ƙafa, ƙafa ta kayar da ƙato, ƙato ya tsayar da gida.

Na ce wa Hajo, "Yaya, a kira makaɗin gayya."

Ta ce, "Shi ma shina kwance. Tabki guda munka sha, wa za ya zo?"

Na faɗa gonar ni kaɗai har tafin hannuna ya fashe. Gefe guda na ceto, sauran geron ya riga ya yi ja. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Komawa

Ranar da zan taho Hajo ta fito da autarta Ige, da ƙullin tsummokaranta a ka. Ta ce, "Tahi da ita. Abin da ka noma ba ya kai mu duka." Ta juya ba ta ko rako mu ba.

Na goya yarinyar har Birnin Kebbi, muka samu mota. Alhamdu lillahi, mun iso Gwandu lafiya, na kuma gode wa duk wanda ya taimake mu a hanya. A bakin zaure Ige ta riƙe rigata ta ce, "Kawu, yaushe Inna za ta taho?" Na ce mata sai kaka.