Gangunan da Aka Rufe da Roba

An haifi Clive Oldroyd a unguwar Attercliffe ta birnin Sheffield, inda gudumar masana'antar ƙarfe ke girgiza tagogin gidaje tun asuba. A nan kunnensa ya koyi kiɗa. Gudumar takan ɗan yi jinkiri kafin ta faɗi, haka shi ma hannunsa ya tashi da wannan jinkiri a kan ganguna.

Da ya girma, ya zama mai buga ganguna a wata ƙungiyar mawaƙa. A faifan farko na ƙungiyarsu, jinkirin ya yi musu rana. Kiɗa ne na jita da ganguna, mai nauyi da ƙura, matasan gari kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma da suka shiga aikin faifai na biyu, zamani ya juya. Neville, shugaban ƙungiyar, ya jingine jitarsa, ya sayo na'ura mai buga kiɗa da kanta.

Clive ya dube ta, ya ce, "Wannan akwatin ne zai gaje ni?"

Neville ya ce, "Haba, ɗan gari. Ita ba ta makara, ba ta kuma cinye mini dankalina. Ka koya mata bugunka kawai."

Ya koya mata, kamar yadda ya ga tsofaffin ma'aikata suna koya wa waɗanda za su maye gurbinsu. Na'urar ta ɗauki komai, ban da jinkirin. Faifan ya fito sumul, da sanyin sauti, ya kuma yi farin jinin da na farko bai yi ba.

Sai gidan talabijin ya gayyace su. Ƙa'idar wurin ita ce a saka faifai, mawaƙa su yi kamar suna kiɗa. Aka rufe gangunan Clive da roba don kada su yi ƙara. Ya so ya ƙi, amma ya san mahaifiyarsa ta riga ta tara maƙwabta a falonta don su kalle shi. Aka saka sabon faifan mai bugun na'urar, ya zauna, ya daki roba har waƙar ta ƙare.

Ranar Lahadi ya je cin abinci wurinta. Tana zuba masa romo a kan nama, ta ce, "Ɗana, ban taɓa jin ka buga daidai kamar wannan karon ba."

Ya ce, "Na gode, Mama."

A makon ne ya shaida wa Neville ya bar ƙungiyar. Ya kama tuƙin bas, a nan ya yi ritaya.